Gindin Zama: Natsuwa a Ilmin Yoga da a Tunanin Bahaushe



A lokacin da nake karatun digiri na uku a ƙasar waje, akwai wani hunturu da barci ya gagare ni. Wani abokin karatuna ya ja ni zuwa ɗakin motsa jiki inda ake koyar da abin da ake kira yoga. Malamar ta sa muka tuɓe takalma, muka harɗe ƙafafu a ƙasa, ta ce kowa ya ji nauyinsa yana sauka, domin wai akwai wata cibiya a gindin ƙashin baya wadda take haɗa mutum da ƙasa. Na yi dariya a zuci, na ce ashe sai na ƙetare teku na biya kuɗi kafin a koya mini zaman da na tashi ina yi bisa tabarma. Amma fa da na koma masauki na yi barci. Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin me ya yi aiki a jikina, cibiyar ko kuwa zaman? Amsar wannan tambaya nake so mu nema tare a yau.

Asalin Maganar

Kalmar cakra ta harshen Sanskirit ce, watau tsohon harshen addini da ilmi na Indiya, ma'anarta kuwa ƙafar keke ko da'ira. Ta farko daga ƙasa ita ce muladara. Mula na nufin saiwa, adara kuma madogara. In da za a ce in fassara ta da Hausa, sai in ce gindin zama.

Littafin da ya fi yaɗa wannan tsari wani malami ne mai suna Purnananda ya rubuta shi a 1577, wani alƙali Bature, Sir John Woodroffe, ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1919. A cikinsa an siffanta muladara da furen bado mai ganye 4, da murabba'i rawaya wanda ke wakiltar ƙasa, da giwa, da wani ƙarfi mai suna kundalini wanda ke naɗe kamar maciji yana barci. Duk waɗannan surori ne da mai ibada ke zanawa a zuciyarsa yayin tunani. Likita ko ya feɗe gawa dubu ba zai tarar da furen bado a ƙashin baya ba.

Abin da ake tallatawa a yau kuwa ya sha gyara a hannun Turawa. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya yi laccoci a kan kundalini a Zurich a 1932, ya mai da cibiyoyin matakan hankali. Danganta muladara da tsoro ko rashin kuɗi da ake yi yanzu, marubutan Turai da Amurka ne suka ƙara a ƙarni na 20. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka fara bikinta a 2015.

Saboda haka abubuwa uku ne aka ƙulle a ƙunshi ɗaya: aƙida, da motsa jiki, da kasuwa. Malaman Musulunci a wasu ƙasashe sun riga sun lura da haka. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abin da ke cikinta na bautar Hindu, ta Indonesiya kuma a 2009 ta hana mai ɗauke da kirarin ibada, ta ƙyale wadda motsa jiki ce tsantsa.

Abin da Jiki Ke Yi

To me ya sa na yi barci? Idan mutum ya zauna daram, ya sassauta numfashi har ya koma kamar sau 6 a minti, musamman in ya tsawaita fitar da iska, sashen jijiyoyin da ke kula da hutu yakan karɓi ragama, bugun zuciya ya ragu, tsokoki su saki. Haka kuma idan ya mai da hankali kan tafin ƙafarsa da inda jikinsa ya taɓa ƙasa, tunanin bashi da na jarrabawa sai ya rasa wurin zama na ɗan lokaci. Wannan halitta ce da Allah ya yi wa kowa, Ba'indiye ko Bahaushe, ba ta bukatar a yi imani da wata cibiya.

Shaidar Harshe

Yanzu bari mu dawo fagen da na fi sani. Bahaushe in ya shiga damuwa sai ya ce hankalinsa ya tashi. In ya sami sauƙi sai ya ce hankalinsa ya kwanta. Ku lura, damuwa sama take yi, lafiya kuwa ƙasa. Yaro marar kamun kai mai rawar kai ne. Wanda ya kafu an ce ya zauna da gindinsa, baƙon da ya karɓu ya sami gindin zama, zancen banza kuwa ba shi da tushe. Wanda ya ɓalle daga tarbiyya, da me aka danganta shi? Da iska, abin da ba shi da mazauni. Shi ya sa aka ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ita kanta kalmar natsuwa, a ganina 'yar'uwar nutsewa ce, kamar yadda laka ke sauka a gindin tulu ruwa ya yi garau. Malaman fiƙihu kuma da natsuwa suke fassara ɗuma'nina, watau gaɓoɓi su tsaya cik a ruku'u da sujada, wadda littattafan Malikiyya da muke karantawa a zaure suka lissafa cikin farillan salla.

Daɗin daɗawa, mu ma muna da tamu cibiyar. Idan aka haihu, ungozoma takan binne mabiyiya a cikin gida, mutum ya girma yana cewa ga inda aka binne cibiyata. Kalmar mahaifa ma ta haɗa cikin uwa da garin haihuwa. Bambancin shi ne, cibiyar Ba'indiye tana cikin jikinsa, zai iya tafiya da ita ko'ina. Ta Bahaushe tana cikin ƙasa, a gidan wasu mutane da ke da haƙƙi a kansa.

Duwatsun Birnin Kudu

Wanda ke son ganin wannan da ido, ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya tsaya a Birnin Kudu. A kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin yanzu ba. Akwai kuma duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su suke ƙara kamar ƙuge. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, ya kuma ruwaito cewa amare kan ziyarci Dutsen Murufu gab da aurensu. Ba ina kiran a farfaɗo da al'adar ba ne. Hikimar nake so ku duba: a ranar da za a cire yarinya daga gidan ubanta, sai a kai ta ga abin da ba ya motsi a garinsu, tare da ƙawayenta. Natsuwar da ake nema mata a bainar jama'a take.

Ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram sun kasance cikin Jihar Kano har 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, yanzu suna ƙarƙashin masarautar Dutse. Sunan jiha ya sake, hedkwata ta sake, ma'aikata suka kwashi fayil suka bi, amma manomin Gwaram yana nan a gonar kakansa, yana tsugunno, yana durƙuso, yana cin tuwo a tabarma. Ɗansa da ya yi boko kuwa, daga kujerar ofis sai ta mota sai ta falo. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan mutanen Hadza na Tanzaniya ya nuna cewa sukan huta kusan awa 10 a yini, daidai da ma'aikacin birni, amma da yake yawanci a ƙasa suke, a tsugune ko a durƙushe, tsokokinsu ba sa daina aiki.

Kammalawa

Shawarata ga ɗalibai da ma'aikata guda uku ce. Ta farko, a ware minti 10 kullum a sauka daga kujera, a zauna a tabarma, a sassauta numfashi. Mai ciwon gwiwa ko na baya ya fara tuntuɓar likita, wanda damuwarsa ta daɗe har ta hana shi ci da barci kuma asibiti ya kamace shi. Ta biyu, duk abin da ya zo mana daga waje a kwance ƙunshinsa tukuna, a san wanne ne aƙida, wanne ne motsa jiki, wanne ne neman kuɗi. Ta uku, a riƙa zuwa gida. Na san ma'aikatan da ke shekara 3 ba su taka garinsu ba sai ranar jana'iza, alhali kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ni dai da na gama karatu na dawo, na iske tsohuwata a tsakar gida tana tsince wake. Ta dube ni da kwat da jaka, ta tura mini tabarma da ƙafa, ta ce, "Zauna, ɗan nan, ka huta. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo."