Ajiya Daban, Amincewa Daban: Darasi Daga Masu Tara Labaran Luwaɗi da Maɗigo

Shugaban taro, shugabannin sassa, 'yan'uwana ma'aikatan laburare, ɗalibai.  Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Na ga wasu sun shigo da fuska a murtuke saboda taken laccar. Bari in sauƙaƙa musu. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a addininmu kowa ya san shi, kuma akwai malamai a zauren nan da suka fi ni cancantar bayaninsa. Dokar hana auren jinsi ɗaya da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ma ba baƙuwarku ba ce. Magana ta a kan sana'armu take: wa ke ajiye littafi, wa ke zubar da shi, kuma me al'umma ke asara idan ta bar wannan hukunci a hannun wani ɗan kwamiti da ya zauna rana ɗaya ya share kanta. Na zaɓi wannan rukuni na ƙagaggun labarai ne domin a Turai da Amurka na ƙarni na 20 kotu da gidan waya da kwastam duk sun sa shi a gaba. In ana son a ga yadda littafi ke tsira bayan hukuma ta juya masa baya, nan ne wurin dubawa.

Labarin Ingila ɗaliban adabi sun san shi, zan wuce da sauri. A 1928 Jonathan Cape ya buga The Well of Loneliness na Radclyffe Hall. Editan jaridar Sunday Express, James Douglas, ya tayar da ƙura, a watan Nuwamba alƙali Chartres Biron ya ba da umarnin a lalata kwafe-kwafen. Me ya biyo baya? Aka ci gaba da buga littafin a Faris ana shigo da shi a ɓoye, kotu a New York ta wanke shi a 1929, Ingila kanta ta sake buga shi a 1949. E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914, ya adana shi, bai fito ba sai 1971, shekara guda bayan rasuwarsa. A Balin kuwa ba a tsaya shari'a ba: ranar 6 ga Mayun 1933 aka fasa cibiyar binciken al'amuran jinsi ta Magnus Hirschfeld, ranar 10 ga wata aka ƙone dubban littattafanta a dandali. Littafin Hall ya tsira saboda yana da kwafi da yawa da masoya masu hali. Takardun Balin da ba su da na biyu sun tafi ke nan.

Amma ba manyan littattafai ne hujjata ba. Hujjata tana cikin ƙanana, waɗanda ba wanda ya ɗauka da daraja, kuma a nan zan daɗe.

A 1939 kamfanin Pocket Books ya fara sayar da littattafai masu bangon takarda a Amurka kan santi 25. Ba a kantin littattafai kaɗai ake samunsu ba. Suna nan a tashar mota, da tashar jirgin ƙasa, da shagon magani, da wurin mai jarida. A 1950 kamfanin Fawcett ya buɗe reshen Gold Medal, wanda ke buga sababbin labarai kai tsaye a wannan siffa mai araha. A shekarar ne ya fitar da Women's Barracks na Tereska Torrès, wadda ta yi aikin soja da dakarun Faransa masu gudun hijira a Landan lokacin yaƙin duniya na biyu. Littafin ya yi kasuwa ta miliyoyi, har wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya ambace shi a 1952 a matsayin misalin littattafan ɓata tarbiyya. Masu maɗaba'a suka ga kuɗi. A 1952 Gold Medal ya fitar da Spring Fire na Marijane Meaker, wadda ta ɓoye a bayan sunan Vin Packer, labarin ɗalibai mata biyu a jami'a. An ƙiyasta ya sayar da kwafi wajen miliyan ɗaya da rabi.

Ku lura da abin da ke cikin littafin nan. Meaker ta faɗa daga baya cewa editanta ya gindaya mata sharaɗi: labarin ba zai ƙare da daɗi ba. Dalilin ba na adabi ba ne, na gidan waya ne. Ta gidan waya ake aika kaya, kuma tun dokar Comstock ta 1873 jami'ansa na da ikon tsare abin da suka ga batsa ne. In suka tsare littafi ɗaya, duk kayan da aka haɗa shi da su sun maƙale. Saboda haka ɗaya yarinyar ta ƙare a asibitin masu taɓin hankali, ɗayar ta ce ashe ba ta taɓa sonta ba. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru: mutuwa, ko hauka, ko komawa ga namiji a shafin ƙarshe. Wanda ya jera ɗari daga cikin littattafan nan ya karanta ƙarshensu kaɗai, zai ga tambarin sufeton gidan waya a jikin labari. Wannan ilimi ne game da yadda doka ke shiga cikin alƙalamin marubuci, kuma ba a samunsa daga littafi ɗaya. Sai an tara.

Tarin ne kuma ke nuna wanda ya kauce wa ƙa'ida. Patricia Highsmith ta fitar da The Price of Salt a 1952 da sunan Claire Morgan, bayan maɗaba'arta ta ƙi karɓa, kuma ba ta kashe kowa ba a ƙarshe, ba ta haukatar da kowa ba. Bugun araha na 1953 ya doshi kwafi miliyan. Ba ta yarda an sa sunanta a bango ba sai 1990, da sabon suna Carol. Ann Bannon, matar aure a lokacin, ta rubuta jerin labaranta daga Odd Girl Out a 1957 zuwa Beebo Brinker a 1962, daga baya ta zama malamar jami'a a Kalifoniya. Tarin ne har wa yau ya tona cewa da yawa daga cikin littattafan maza ne suka rubuta su da sunayen mata, domin maza masu saye. Lawrence Block, wanda ya shahara daga baya da labaran 'yan sanda da ɓarayi, yana cikinsu. Wato a kanta ɗaya akwai abin da aka rubuta don kasuwar sha'awa, akwai wanda aka rubuta daga rayuwa, bangonsu kuma iri ɗaya. Mai bincike ba zai bambance su ba in babu su a gabansa.

To, wa ya ajiye su? Ba mu ba. Laburaren jami'o'in Amurka da na gwamnati na wancan zamani ba sa sayen irin wannan kaya. Takardar mai arha ce, tana yin ja ta kakkarye cikin 'yan shekaru. Masu karantawa da yawa suna yage bango ko su jefar da littafin da zarar sun gama, don gudun a gan shi a ɗakinsu. Abin da aka buga miliyoyi ya kusa zama babu.

Mutane ɗaiɗaiku ne suka tare wannan asara. Jeannette Howard Foster, ma'aikaciyar laburare irinmu, wadda ta yi aiki a cibiyar binciken al'amuran jinsi ta Kinsey, ta shafe shekaru tana bin sawun labaran mata irin waɗannan tun daga adabin Girka, ta buga Sex Variant Women in Literature a 1956 da kuɗin aljihunta, don ba maɗaba'ar jami'ar da ta karɓa. Barbara Grier ta ɗora daga nan. A jerin littattafan da ta fitar a 1967 ta ba kowane littafi alama gwargwadon muhimmancinsa, har da wata alama ta musamman ga waɗanda ta ɗauka shara ne. Ina roƙon ɗaliban sashenmu su riƙe wannan. Ta ce shara ne, amma ta rubuta sunansa da na marubucinsa da shekararsa. Hukuncinta daban, aikinta na mai lissafi daban. A 1973 ta shiga cikin waɗanda suka kafa maɗaba'ar Naiad, wadda ta sake buga Bannon a 1983, tarin nata kuma ya ƙare a laburaren birnin San Francisco. A New York, Joan Nestle da Deborah Edel da abokansu sun kafa Lesbian Herstory Archives a 1974, suka ajiye kayan a gidan da Nestle ke zaune har suka samu gini a Brooklyn, aka buɗe shi a 1993. Yau jami'o'i irin su Duke da Cornell suna da sassa na musamman na wannan kaya, suna saye da tsada abin da magabatansu suka ƙi karɓa kan santi 25 ko 35.

Yanzu mu dawo gida, domin akwai inda zancen ya taɓa mu, ta fuska biyu.

Ta farko, adabin Afirka da muke koyarwa. Joe Golder yana cikin The Interpreters na Wole Soyinka tun 1965. Marija tana cikin Our Sister Killjoy na Ama Ata Aidoo, 1977. Akwai No Past, No Present, No Future na Yulisa Amadu Maddy, 1973. Chris Dunton ya tattauna yadda marubutan Afirka suka ɗauki wannan jigo a wata maƙala tun 1989. Daga baya Jude Dibia ya fitar da Walking with Shadows a 2005, Chinelo Okparanta ta fitar da Under the Udala Trees a 2015. Ɗalibin digiri na uku da ke son ya yi musu raddi, ya ce sun yi wa al'ummarsu ƙarya ko sun rubuta don kunnen Turawa, yana da 'yancin faɗin haka. Amma da me zai kafa hujja in mun kwashe littattafan? Na san wani laburare da kwamiti ya cire irin waɗannan daga kanta, bai rubuta ko'ina abin da ya cire ba, ya bar katunansu a akwati suna yi wa ɗalibai ƙarya. Na faɗa a gabansu cewa wannan ba tsafta ba ce, ɓarna ce, kuma ina maimaitawa a nan.

Ta biyu, kuma wadda ta fi ci mini rai: halin da ya kusa hallaka ƙananan littattafan Amurka shi muka nuna wa littattafan soyayya na Hausa. Jigonsu daban ne, amma ƙaddararsu ɗaya: takarda mai arha, ciniki a kasuwa, masu karatu mata da matasa, malaman jami'a suna yatsina fuska. A 2007 an ƙone littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ku je manyan laburarenmu ku nemi bugun farko na Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ku gaya mini abin da kuka samo. Abin da ya tsira da yawansa yana hannun ɗaiɗaikun masu bincike da marubutan kansu. Adabin kasuwar Onitsha ya riga ya koya mana darasin: mai son nazarinsa sosai yakan buƙaci tarin da ke jami'o'in waje.

Abokan aikina suna da amsoshi uku, kuma na ji su har na haddace. Suna cewa ajiyewa tallatawa ce. Ibnul Jauzi ya tara hadisan ƙarya a littafi guda don a san su. Shahrastani ya jera aƙidun addinai da ƙungiyoyin da bai yarda da su ba. Malaman Musulunci ne suka kwafi diwanin Abu Nuwas hannu da hannu har ya iso gare mu. Wannan ajiyewa ce, ba tallatawa ba. Suna cewa doka ta hana. Dokar 2014 magana take a kan ɗaurin aure, da ƙungiyoyi, da nuna alaƙar a bainar jama'a. A nuna mini sashen da ya umarci ma'aikacin laburare ya yashe kanta. Suna cewa yara za su gani. Laburaren bincike ba makarantar firamare ba ce, kuma wayar da ke hannun yaron ta fi kantarmu haɗari nesa ba kusa ba. Kowa ya san maciji ba a kashe shi da rufe ido.

Shawarwarina huɗu ne, kuma ba yau na fara ba da su ba. Na ɗaya, kowane laburaren jami'a ya buɗe sashen ajiya na kulle, wanda mai bincike zai shiga da takardar shaida daga sashensa. Gidan tarihin Birtaniya da babban laburaren Faransa sun yi haka fiye da ƙarni, shi ya sa abin da suka ƙyamata a jiya yake nan a yau. Na biyu, duk abin da ke cikin wannan sashe a sa shi a jerin littattafai da cikakken bayani. Littafin da ba a lissafa ba daidai yake da wanda ya ɓace. Na uku, a haramta wa kowane kwamiti lalata littafi. Iyakar ikonsa ya mayar da shi sashen kulle, ya rubuta dalili, ya sa hannu da kwanan wata. Na huɗu, a ware kuɗi kowace shekara don sayen littattafan kasuwa tun suna da araha, a kuma tilasta dokar 1970 da ta wajabta wa mai buga littafi kai kwafi ga Babban Laburaren Ƙasa, a faɗaɗa ta ta haɗa da labaran da yanzu ake sakewa a waya da intanet, domin waɗannan sun fi takarda saurin ɓacewa.

Shugaban taro, hukumar gudanarwa za ta zauna a kan kasafin baɗi. Ina roƙon a sa shawara ta uku da ta huɗu a ajanda. Ta uku ko sisi ba ta ci.