Mai Zane da Amanar Ƙididdiga



A shekarar 2001 ne Casey Reas da Ben Fry, a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, suka ƙirƙiro Processing, wato harshen kwamfuta domin masu zane. Da shi mai zane kan rubuta umarni, kwamfuta ta mai da dubban lambobi layuka da da'irori.

To, amma koyon umarni ba shi ne wuyar aikin ba, riƙon amana ne. In mai zane ya ninka faɗin da'ira don nuna cewa jama'ar wani gari sun ninka na wani, filin da'irar ya ninku sau huɗu ke nan. Hoto ya yi kyau amma ya yi ƙarya, ga shi kuwa jami'in da zai raba magunguna da shi zai dogara.

Tun 1869 Charles Minard ya zana yaƙin Napoleon a Rasha da hannu: kaurin layinsa ya bi adadin soja sau da ƙafa, daga 422,000 har ya sirance zuwa 10,000. Wannan ladabin awo ya kamata ɗalibi ya riƙe tun kafin ya rubuta umarninsa na farko.