Harin Amurka kan kwale-kwalen Karebiyan: me ya sa jama'a ba su gamsu ba?



Ranar 2 ga Satumba 2025 Shugaba Donald Trump na Amurka ya saki wani gajeren bidiyo. Hoton dishi-dishi ne, an ɗauko shi daga sama. Ga wani kwale-kwale mai inji yana keta ruwa a guje, da alamun mutane a ciki, sai walƙiya, sai wuta ta turnuƙe shi. Trump ya ce mutum 11 ne suka mutu, 'yan ƙungiyar Tren de Aragua ne, kuma daga Benezuwela suka ɗauko miyagun ƙwayoyi za su kai Amurka. Daga nan aka ci gaba, a Tekun Karebiyan da farko, sannan a gabashin Tekun Fasifik tun daga Oktoba. Kafin shekarar ta ƙare, waɗanda aka kashe ta wannan hanya sun haura 100.

Tambayar da nake so mu duba yau ita ce dalilin da ya sa mutane da yawa, a cikin Amurka da wajenta, suka ƙi yarda cewa ƙwaya ce kaɗai ake yaƙa. Ra'ayina shi ne wannan zargi yana da tushe, kuma gwamnatin da ta kai harin ce ta shuka shi da hannunta.

Sai dai kafin nan, a ba mai gaskiya gaskiyarsa. Ƙwaya ta yi wa Amurka mummunar ɓarna. A 2022 kaɗai sama da mutum 100,000 suka mutu sakamakon shan ta fiye da kima. Uwar da ta binne ɗanta ba za ta ji tausayin mai fasa-ƙwauri ba, kuma duk wanda ya ga yadda tiramol da kodin suka lalata samari a unguwanninmu ba zai ga laifinta ba. Nicolás Maduro ma, shugaban Benezuwela na lokacin, ba mutumin da zan tsaya karewa ba ne; miliyoyin 'yan ƙasarsa sun gudu daga mulkinsa.

To, amma wace ƙwaya ce ke kashe Amurkawa? Mafi yawan mace-macen nan daga fentanil ne. A Meziko ake haɗa shi, da sinadaran da akasari daga Sin ake sayowa, kuma ta kan iyakar ƙasa yake shiga, a ɓoye cikin motoci. Benezuwela ba ta cikin wannan hanya. Hodar iblis kuwa a Kolombiya da Peru da Bolibiya ake noman ganyenta, kuma mafi yawan wadda ke zuwa Amurka ta ɓangaren Fasifik take bi. Wani kaso na wadda ke ratsawa ta Benezuwela Turai ya nufa, wani lokaci ta kanmu: a 2009 an tsinci gawar wani jirgin sama ƙirar Boeing 727 a hamadar arewacin Mali, wanda aka yi imanin daga Benezuwela ya ɗauko hodar. Idan fentanil ne abokin gaba, me katafaren jirgin yaƙin nan mai ɗauke da jiragen sama, Gerald R. Ford, ya je yi a kusa da gaɓar Benezuwela?

Abin da ya fi damuna shi ne batun shaida. Shekara da shekaru Amurka tana da tsarin da ta saba bi. Dakarun tsaron gaɓar teku su tare jirgi, in ya ƙi tsayawa su harbe injinsa, su hau su bincika, su kwashe kaya, su kai mutanen kotu. A wannan tsari akwai buhunan da za a auna, akwai waya da za a buɗe, akwai direban da zai faɗi wanda ya aiko shi. Sanata Rand Paul, wanda ɗan jam'iyyar Trump ne, ya yi ta tunatar da mutane cewa cikin jiragen da ake tarewa a bincika, da dama ba a samun komai a cikinsu. Makami mai linzami ba ya barin wannan dama. Kaya sun nutse, mutane sun mutu, abin da ya rage shi ne maganar wanda ya yi harbin. Kuma ko da an tabbatar da laifin, dokar Amurka ba ta yanke wa direban kwale-kwalen ƙwaya hukuncin kisa.

Ku duba abin da ya faru a tsakiyar Oktoba, lokacin da mutum biyu suka tsira daga wani hari. An ce 'yan ta'adda ne masu haɗari, amma ba a kai su kotu a Amurka ba. An mayar da ɗaya Kolombiya, ɗaya Ekwado, kuma hukumomin Ekwado suka sallami nasu saboda ba su da hujjar tuhumarsa. Sannan daga baya ta bayyana cewa a harin farko na 2 ga Satumba, mutum biyu sun rayu, suna maƙale da tarkacen jirgin a tsakiyar teku, aka sake harbinsu. Littafin dokokin yaƙi na ma'aikatar tsaron Amurka da kansa ya kawo harbin waɗanda jirginsu ya nutse a matsayin misalin umarnin da bai halatta soja ya bi ba. Shugaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya ce hare-haren sun saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Mu da muka ga harin sama na kuskure da aka kai a Tudun Biri a Disambar 2023 mun san cewa wanda ke kallo daga sama yana iya kuskure, kuma mutanen da ke ƙasa ne ke biyan kuɗin kuskuren da rayukansu.

Ana cikin haka, a farkon Disambar 2025, Trump ya yi wa tsohon shugaban Honduras, Juan Orlando Hernández, afuwa. Wannan mutum kotun Amurka ce ta ɗaure shi shekara 45 a 2024, bayan ta same shi da hannu wajen shigar da sama da tan 400 na hodar iblis. An saki wanda aka tabbatar wa laifi a gaban alƙali, ana kashe waɗanda ko sunansu ba a bayyana ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa fili. An ƙwace jirgin dakon mai a kusa da Benezuwela, ƙasar da ta fi kowace arzikin man da aka tabbatar a ƙarƙashin ƙasa, wajen ganga biliyan 300. Ranar 3 ga Janairu 2026 sojojin Amurka suka kai hari Karakas, babban birnin Benezuwela, suka ɗauke Maduro zuwa New York, Trump kuma ya fito yana maganar yadda kamfanonin man Amurka za su shiga. Waɗanda tun farko suka ce an fake da guzuma ne don a harbi karsana, da wuya yanzu a ce musu sun yi gaggawa. Mutanen yankin kuma ba su manta da Panama ba a 1989, inda da sunan ƙwaya aka shiga, daga baya aka kama mai mulkin ƙasar, Manuel Noriega, kamar yadda duniya ba ta manta da makaman ƙare-dangin da aka ce Iraƙi na da su a 2003 ba.

Ɗalibai, musamman ku masu karatun shari'a da aikin jarida, ga roƙona. Duk ranar da wata gwamnati, ta waje ko tamu ta gida, ta ce ta kashe masu laifi daga sama, ku tambaye ta sunayensu, da abin da aka samu a hannunsu, da dalilin da ya hana a kama su da rai. In ta ƙi amsawa, ku rubuta cewa ta ƙi.