Fatsa da Ƙwaron Ƙarya a Kogin Madison, Gab da Shigowar Hunturu

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je jihar Montana da ke arewa maso yammacin Amurka, bakin wani kogi na kan duwatsu mai suna Madison, daidai ƙarshen watan Oktoba zuwa Nuwamba. A wannan lokaci ganye ya gama zuba, dusar ƙanƙara ta rufe kawunan tsaunuka, masu yawon buɗe ido sun watse. Waɗanda suka rage a cikin ruwan 'yan kaɗan ne, kowa sanye da wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, yana wurga zare sama kamar ba ya jin sanyi. Kifin da suke nema shi ake kira tirawut.

Kifi ne na ruwan sanyi mai gudu, mai haske har kana ganin tsakuwar ƙasa. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, shi ya sa ba ma ganinsa a kogunanmu. Madison kuwa ya faro ne daga gandun Yellowstone, inda kogin Firehole da na Gibbon suka haɗu, ya ratsa tafkin Hebgen, ya nausa arewa har ya gamu da wasu koguna biyu su zama Missouri.

To, yaya ake wannan fatsa? Babu tana, babu wani abinci a bakin ƙugiya. Masunci zai zauna da zare da gashin zakara da ɗan gashin barewa ya ɗaure su a jikin ƙugiya, har abin ya fito da siffar ƙwaro. Dabarar tsohuwa ce: wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke kama kifi da jan ulu da gashin zakara. Matsalar ita ce wannan ƙwaro ba shi da nauyin da za a jefa shi. Saboda haka zaren ne ake yi wa nauyi. Sandar, mai tsawon kusan mita 2.7, sai a kaɗa ta baya, a ɗan dakata har zaren ya miƙe, sannan a kaɗo ta gaba. Wannan 'yar dakatawa ita ce ke ba sabon shiga wahala. In ya yi gaggawa, zaren ya cukurkuɗe a kansa.

Jifa ma ba ita ce ƙarshen gwaninta ba. Dole ƙwaron ya bi ruwa tamkar babu abin da ke riƙe da shi. Ruwan kogi ba gudu ɗaya yake yi ba, tsakiya na sauri, gefe na jan ƙafa. In igiyar ruwa ta ja zaren, ƙwaron zai yi ta jan layi a saman ruwa, kifi ya taso, ya duba, ya koma abinsa. Sai ka ga masunci yana ɗaga zaren yana mayar da shi ta inda ruwa ke zuwa sau biyu ko uku a jifa ɗaya.

A ƙarshen kaka, ranar da masunta ke fata ita ce ranar da kowa ke gudu: hadari ya rufe, ana yayyafi ko 'yar dusar ƙanƙara. A irin wannan rana ce wasu ƙananan ƙwari masu shuɗin fiffike, da ba su kai santimita ɗaya ba, ke barin ƙarƙashin duwatsu su taso saman ruwa da tsakar rana, kamar yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko. Sanyi da laima kan hana fiffikensu bushewa da wuri, sai su daɗe suna yawo a kan ruwa, kifi kuwa ya jera yana tsinta. Masunci yana tsaye, yatsu sun sandare, ƙanƙara ta toshe zobban sandarsa, sai ya tsoma ta a ruwa ta narke ya ci gaba.

Amma masu sauraro, abin da ya sa na zaɓi wannan lokaci na shekara daban ne. Tirawut mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda aka kai ƙwayayensa Amurka daga Jamus a 1883, a kaka yake hayayyafa. Manya-manyansu kan baro tafkin Hebgen su hauro kogi. Macen za ta nemi wuri marar zurfi mai tsakuwa, ta kwanta a gefenta, ta riƙa bugun ƙasa da wutsiya har ta haƙa ɗan rami. Ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta sake bugun tsakuwa ta rufe. In ka lura za ka ga wurin ya yi fari tas, ya fita daban da sauran duwatsun da gansakuka ta rufe. Ƙwayayen nan a cikin tsakuwar za su yi hunturu, sai sanyi ya fara ja da baya 'ya'yan su fito. Takalmi ɗaya ya taka wurin, an yi ɓarna, mai takalmin ma bai sani ba.

A nan ake gane masunci na ƙwarai. Yana iya ganin ƙatuwar uwa a kan gurbinta, ruwa bai kai gwiwa ba, kamunta ba wuya, amma ya kewaye ta nesa ya nufi zurfi. Akwai masu cewa ai sakinta za su yi. Ni dai ban yarda da wannan uzuri ba. Kifin da ya yi doguwar tafiya, ƙarfinsa ya ƙare a haƙa, ka ja shi da ƙugiya har ya gaji, ko ka sake shi ka riga ka cuce shi.

Dalilin da ya sa gurbin ƙwai ke da wannan daraja a Madison yana da tarihi. A da, hukuma kan zuba kifin da aka rena a kwatami cikin kogi don masunta su samu. Wani masanin kifi mai suna Dick Vincent ya gudanar da bincike a wannan kogi, ya gano cewa inda aka daina zubawa, kifin da aka ƙyanƙyashe a cikin kogin na ƙaruwa sosai, inda kuma aka fara zubawa sai ya ragu. A 1974 Montana ta daina zuba irin wannan kifi a kogunanta. Tun daga nan, tirawut ɗin da ke Madison a cikin tsakuwarsa ake ƙyanƙyashe shi. Shi ya sa ranar 30 ga Nuwamba 2021, da ƙofar madatsar Hebgen ta lalace ruwa ya janye, mutanen yankin suka fito cikin sanyi da bokitai suna kwashe kifin da ya maƙale suna mayarwa cikin ruwa. Kusan kwana biyu aka yi kafin a gyara, kuma babbar fargabarsu ita ce ƙwayayen da ke gefen kogi.

Wanda ya kama kifi a inda ya dace ma akwai ƙa'ida. A cikin Yellowstone doka ta hana ƙugiya mai ƙaya da kuma dalma. Kafin ka taɓa kifin sai ka jiƙa hannu, don busasshen hannu na goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Kar ka ɗaga shi cikin iska mai daskarewa don ɗaukar hoto. Cire ƙugiyar yana cikin ruwa, ka juya kansa ya fuskanci inda ruwa ke zuwa, ka tallafe shi har ya fizge da kansa.

Lokaci ya cim mana, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.