Fiya-fiya ba maganin asu ba ne

Da yake jawabi ga 'yan uwa matasa a Dutse, wani malamin gona ya gargaɗe su kan yayyafa fiya-fiya a gero da wake don kashe asu da ƙwari. Ya ce irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Ya tambaya, me zai sa mutum ya ciyar da iyalinsa ita?

Ya ce duk wanda ya auno hatsi a kasuwar Shuwarin, ya shanya shi ya bushe sarai, ya zuba a buhun PICS mai ruɓi uku ko jarka, ya rufe gam. Da iska ta ƙare, tsutsar za ta mutu.

Ya rufe da cewa abincin mutane amana ne.