Gwanayen Murhu: Daga Japan Zuwa Jibiya

Na san wasu za su yi mamakin jin a kan girki zan yi magana, alhali kuwa ko talge ban iya ba. To, ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

A cikin shekarar 1993 gidan talabijin na Fuji da ke ƙasar Japan ya soma wani shiri na gasar girki, wanda duniya ta fi sani da Iron Chef. Shirin yana da gwanayensa na dindindin, irin su Rokusaburo Michiba mai girkin Japan, da Chen Kenichi mai girkin Sin, da Hiroyuki Sakai mai girkin Faransa. Baƙon kuku zai shigo ya zaɓi wanda zai kara da shi, tamkar yadda ɗan dambe yake nuna abokin karonsa. Daga nan sai shugaban fili, Takeshi Kaga, ya yaye mayafi ya bayyana abu guda, ko kifi ko kabeji, wanda tilas kowane kwano ya ƙunsa. Sa'a ɗaya tak ake ba su, sa'an nan alƙalai su ɗanɗana su yanke hukunci.

Shirin ya ƙare a 1999 bayan an nuna kashi wajen 300. Amurkawa ma sun yi nasu daga baya, Chen Kenichi kuma ya rasu a 2023, amma har yanzu masoya suna tono tsofaffin kashin a intanet suna begensu. Mene ne suke bege? A ganina, girman da aka ba mai sana'a ne. Kafin a kunna wuta sai an ba da tarihin baƙon, an faɗi garinsu da maigidan da ya koya masa, ana kuma yi wa aikin hannunsa sharhi kamar wasan ƙwallo. Watau Japanawa sun ɗauki mai riƙe da ludayi sun zaunar da shi a sahun jarumai.

Ni ɗan Jibiya ne, kuma a can na kalli shirin a waya lokacin hutu, ina zaune a tsakar gida kakata tana kirɓa fura. Ina cikin jinjina wa mutanen Tokyo sai kunya ta kama ni, domin ga gwana a gabana ban taɓa tambayarta komai ba. Tsohuwar nan ta san yadda ake sarrafa daddawar batso, ta san gwargwadon kanwar da miyar kuka take so ba tare da awo ba. Cikin jikokinta kuwa babu wanda ya ɗauki wannan ilmi, duk mun dogara ga ɗunƙulen kanti. Ranar da ta kwanta dama, shi ke nan an rufe littafi.

Saboda haka ga shawarata. A dogon hutu mu shirya tamu gasar a Jibiya, ranar Lahadi da kasuwa take ci. Abin da za a yaye wa mayafi shi ne gero. Ku dubi abin da iyayenmu mata suke fitarwa daga gare shi: fura, gumba, kunu, tuwo, dambu, waina da burabusko. A gayyato gwanaye daga wannan ɓangare, a kuma gayyato na Ɗan Isa da Maraɗi, su ƙetaro ta Magama. Ai dama Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa sarautar Maraɗi. An rufe iyakar nan a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai a 2024, amma tukunyarmu ɗaya ce, kuma rufe hanya bai canza ɗanɗanon furar ko ɗaya daga cikin ɓangarorin ba.

Dattawa su zama alƙalai. Mu ɗalibai kuwa aikinmu shi ne mu ɗauki hoto da waya, mu rubuta sunan kowace gwana, da wadda ta koya mata, da yadda take aikinta daki-daki. Tashar Arewa24 ta yi ƙoƙari da shirinta na Akushi da Rufi, amma tsofaffinmu na ƙauye ba za su je ɗakin ɗaukar shiri ba, sai dai mu mu je mu same su. 'Yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati, musamman a ma'aikatun al'adu da gidajen watsa labarai, ku ma da ku nake.

Jama'a, masoyan shirin Japan suna da abin da za su koma su kalla idan bege ya taso musu, domin an adana musu. Mu fa, me za mu nuna wa 'ya'yanmu? Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an tanade ta. Kowa ya koma gida hutun nan, ya zauna kusa da murhu da alƙalami a hannu.