Awon ciki ba na mata kaɗai ba ne: magana ga masu jiran haihuwa



Duk wadda ta je awon ciki a CSI, ana auna jininta da nauyinta, a ba ta maganin ƙarin jini da gidan sauro. Amma sau nawa ake tambayar ta: maigida yana shan sigari? A ɗaki yake sha? Alhali hayaƙin nan ita ma shaƙarsa take.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7000, kusan 70 cikinsu na jawo kansa. Akwai wata guba a ciki da ke rage iskar da jinin uwa ke kai wa ɗan tayi. Shi ya sa ake ganin jinjiri ya zo ƙasa da kilo 2.5, ko a haifi bakwaini. Bayan haihuwa kuma ga tari, ga fuka, ga ciwon huhu. Dokar yaƙi da taba ta 2006 ta hana busa sigari a wuraren taruwar jama'a, amma doka ba ta shiga ɗakin kwana. Nan kai ne hukuma.

To, ya za a yi? Gori ba ya raba mutum da sigari, nikotin kamu gare shi. Ka tsaida ranar dainawa, ka faɗa wa iyalinka da ƴan fadarku. Kwanakin farko su ne masu wuya, amma ƙwalamar ba ta wuce ƴan mintoci: sha ruwa, tashi ka zagaya. In ka zame ka sha kara ɗaya, kar ka ce shi ke nan, ci gaba. Shisha kuwa ba mafita ba ce, ita ma taba ce.

Yi lissafi: in dala 40 kake kashewa kullum, cikin wata tara jikka 54 ke nan. Ai ka rage nauyin ragon suna.

A Damagaram aka fara makarantar mazaje, maza suka riƙa tura matansu likita. Mu ɗora a kai: mu raka su awo, mu nemi ungozoma ta ba mu minti biyar kan batun taba. Ku kuma ƴan fada, wanda matarsa ke da juna biyu, ku daina miƙa masa kara, ku miƙa masa shayi.

Allah ya sauki matanmu lafiya.